Yadda Baba ya zaɓa mana makaranta

Mahaifina tela ne, mu ƴaƴansa Baba muke ce masa. Bai taɓa shiga lakwal ba, amma ya yi karatun allo, da ajami kuma yake rubuta awon mutane cikin wani tsohon kaye. Labarin da zan ba ku ya faru a shekara ta 1994. A lokacin ina da shekara 9, ƙanwata tana da 7.

Mun baro ƙauye

A wani ƙauye kusa da Magariya aka haife mu. Cikin watan Janairu na shekarar nan aka karya darajar kuɗin sefa, ya koma rabin yadda yake a da. Duk abin da ake kawowa daga ƙasashen Turai ya yi tsada: magani, kayan keken ɗinki, littattafai, har kaye da bik. Mutanen ƙauyenmu suka rage ɗinki, sai dai in salla ta matso. Baba ya ga zaman ba zai yiwu ba. Ya jira aka yanke gero aka sa a rumbu, sannan muka ɗora keken ɗinki da tabarmi da tukwanen Inna a bayan wata babbar mota, muka nufi Damagaram.

Ban taɓa ganin gari kamarsa ba. Ga manyan duwatsu a tsakiyar gari, ga Birni inda fadar Sarki take, ga Zango, ga kasuwar Dole wadda ke cika maƙil ranar Alhamis. Daga baya na koya a makaranta cewa nan ne babban birnin Nijar har shekara ta 1926, kafin a mayar da shi Yamai. Baba ya kama hayar ɗaki biyu a Sabon Gari. Ruwa ma saye muke yi wajen ƴan ga-ruwa, abin da ya ba Inna mamaki ƙwarai.

Mun iso ana tsakiyar watan Oktoba. An riga an buɗe makarantu da mako biyu. Kowace safiya muna tsaye a ƙofar gida muna kallon yara suna wucewa da jakunkunansu.

Asirina

Akwai wani abu da na ɓoye wa kowa. Shekara biyu na yi a lakwal ta ƙauye, CI da CP, amma ban iya karatu ba. Abin da na iya shi ne maimaita abin da mushe ya faɗa. In na ga hoton da ke kan shafi, sai in tuna maganar da ke ƙarƙashinsa, in faɗe ta da ƙarfi ina bin layi da yatsa. In aka rufe hoton, shi ke nan na ɓata.

Ba na iya tambaya kuwa, don duk wanda ya yi Hausa cikin aji rataya masa sambol ake yi. Sambol wani guntun ƙashi ne da igiya. Wanda ya kwana da shi a wuya, kashegari zai sha bulala. Saboda haka na koyi yin shiru. Ƙarshen shekara aka ce sai na maimaita CP. Na kuma san yaron da ya yi ta maimaita aji korarsa ake yi. In aka kore ni, na san sauran: zaman shago, da ɗinkin maɓalli, har girma.

Kowa da tasa shawara

Dare na uku da isowarmu, Kawu ya zo gaishe mu. Shi yayan Inna ne, ya daɗe a Damagaram, yana aikin filanto a wani ofis. Bayan an ci tuwo sai aka tayar da zancen makaranta.

Kawu ya ce: «Malam, wannan ai ba abin shawara ba ne. Ka kai su babbar lakwal ta wajen ofisoshi, inda nawa suke. Can ƴaƴan ma'aikata suke karatu. Ni na san darektan.»

Inna ta ce ita dai madarasa take so, inda ake koyar da Larabci tare da Faransanci, don yara su san addininsu. Wata maƙwabciyarmu da ta shigo aron rariya ta sa baki, ta ce akwai wata nan bayan unguwa, inda ake fara karatu da Hausa.

Kawu ya yi dariya har da buga cinya. Ya ce: «Lakwal ta Hausa? Hausar da yaro ya sha a nono, ita za a kai shi koyo? Ai wannan ɓata lokaci ne.»

Baba ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce: «Yaya, na gode. Amma ni ban taɓa sa almakashi a yadi ba sai na auna mai riga. Ku ba ni kwana uku in je in gani da idona.»

Rana ta farko

Ranar Litinin Baba ya rufe keken ɗinkinsa, ya ɗaura agogo, ya kama hannun ƙanwata, ni ina biye. Ya ce kada mu yi sauri, mu yi tafiyarmu ta yara. Muka bi lunguna, muka tsallaka babbar hanyar kwalta inda manyan motoci ke wucewa ba ƙaƙƙautawa. Da muka isa ƙofar babbar lakwal, Baba ya duba agogo: minti 45.

A lokacin da safe ake zuwa, a koma gida da rana a ci abinci, a sake dawowa da marece. Wato tafiya huɗu ke nan kowace rana. Baba ya lissafa da yatsu: awa 3 a kan hanya, da tsallaka kwalta sau huɗu, ga yarinya ƴar shekara 7.

Makarantar kam ta yi kyau. An kewaye ta da katanga, an shafa wa azuzuwa fenti, ga tuta tana kaɗawa a tsakar fili. Darekta ya karɓe mu da fara'a da ya ji sunan Kawu. Ya ce wuri ya cika, amma zai matsa mana. Da muka leƙa ajin CP, na ga yara hurhuɗu a benci ɗaya, waɗansu a ƙasa. Na bayan ko allon ba sa gani sosai.

Da aka fito shan iska, Baba ya sayi ƙosai na dala biyar, ya kira wani yaro tsarana ya ba shi. Ya ce: «Samari, me kuka koya yau?»

Yaron ya miƙe tsaye, ya rungume hannu, ya zubo Faransanci kamar ruwa. Baba ya ce: «Madalla! To, me ake nufi?» Yaron ya sunkuyar da kai, ya ce: «Mushe bai faɗa mana ba.» Gabana ya faɗi, don kamar ni aka tambaya.

Sai wani yaro mai fararen takalma ya matso ya fassara mana tsaf. Baba ya tambaye shi inda ya koya. Ya ce a gida, babansa da mamarsa Faransanci suke yi masa. A hanyar komawa Baba ya ce: «Makaranta ce mai kyau ga wanda ya zo da Faransancinsa daga gida. Mu kuwa a gidanmu wa zai yi muku?»

Rana ta biyu

Ranar Talata muka tafi madarasa, har da Inna. Irin wannan makaranta ta daɗe a ƙasarmu, don tun 1957 aka buɗe ta farko a garin Sayi. Ta gwamnati da muka fara zuwa ta cika, ko wurin mutum ɗaya babu. Aka kwatanta mana wata mai zaman kanta, ba ta da nisa sosai.

Wurin ya yi wa Baba daɗi. Yara suna da ladabi, da ya tambayi ɗaya abin da suka koya, ya kawo masa farillan alwala bai tsallake ko ɗaya ba. Amma da aka zo maganar kuɗi, sai aka ce jika 2 kowane yaro a wata. Mu biyu jika 4 ke nan, wata 9 kuma jika 36. Kuɗin hayar gidanmu gaba ɗaya jika 5 ne a wata, ga shi Baba bai samu masu kawo ɗinki ba tukuna.

Inna ta ce: «Malam, mu fara mana, Allah zai hore.»

Baba ya ce: «Allah shi ne mai horewa. Amma in muka fara muka kasa, tsakiyar shekara za a koro su, su rasa nan su rasa can. Na yi miki alkawari, gobe da asuba zan kai su makarantar allo ta unguwa. Karatun addini ba zai wuce su ba.» Ya kuwa cika alkawarinsa.

Rana ta uku

Ranar Laraba muka nufi wadda Kawu ya yi wa dariya. Tafiyar minti 10 ce, babu kwalta a tsakani. Da muka hango ta, na ga fuskar Baba ta canja. Babu katanga, babu fenti. Azuzuwa uku ne na gini, sauran ukun rumfunan zana. Awaki suna kwance a gindin dogon yaro.

Duk da haka bai juya ba. Ya zagaya yana dubawa kamar yadda yake juya riga ya duba ɗinkin ciki. An share fili fes. A ƙofar kowane aji akwai randa da murfinta da moɗa. Akwai makewayi biyu, na maza daban na mata daban. Kowane aji kuma da malaminsa a ciki.

Muka tsaya a jikin wata rumfa muna saurare. Muryar madan muka ji tana cewa da Hausa: «Wata mata ta kai ƙwai 12 kasuwa, ta sayar da 5, biyu suka fashe. Saura nawa?» Hannuwa suka tashi ko'ina. Wani yaro ma cewa ya yi: «Madan, ban gane ba, a sake.» Na jira in ji ƙarar bulala. Sai na ji madan ta sake faɗa, tana ajiye tsakuwa a kan tebur. Ni da nake waje na samu amsar: biyar. Wannan ne karo na farko da na amsa tambayar makaranta da kaina, ko da yake ba wanda ya ji.

Da aka fito, Baba ya sake sayen ƙosai, ya kira wata yarinya. Ya ce: «Ƴan mata, me kuka koya yau?»

Ta ce: «An ce mu riƙa tace ruwan tafki da ƙyalle mai tsabta kafin mu sha, don kada mu kamu da kurkunu. Ƙwayar tana cikin ruwan, ido ba ya ganinta sosai. Kuma ruwa da Faransanci l'eau ake ce masa.» Baba ya san kurkunu sarai, don ya taɓa kwantar da shi damina guda a ƙauye. Ya gyaɗa kai, ya ce: «Allah ya yi miki albarka.»

A ofishin darekta

Ofishin darekta wani ɗan ɗaki ne da tebur ɗaya da kabad. Bayan sun gaisa Baba ya ce: «Mushe, ni baƙo ne, kuma ban yi lakwal ba. Tambaya ɗaya gare ni. An ce da Faransanci ake jarrabawar sartifika. Yaran da suka fara da Hausa, za su iya?»

Darekta ya ce: «Malam, tambayarka tana kan hanya. Irin wannan makaranta ana ce mata ta gwaji. A nan Damagaram aka buɗe ta farko a 1973. Yanzu akwai masu farawa da Zabarmanci, da Fillanci, da Barbarci, da Buzanci. A shekarun farko da harshen yaro muke koya masa karatu da rubutu da lissafi. Faransanci yana shigowa kaɗan-kaɗan, da baki tukuna, sannan a rubuce. Daga aji na huɗu shi ke ɗaukar babban wuri. Yaro sau ɗaya yake koyon karatu. In ya gane yadda baƙaƙe ke haɗuwa su ba da magana, zai tafi da wannan ganewa cikin kowane harshe.»

Ya ƙara da cewa: «Ba zan ɓoye maka ba, muna da namu rashi. Littattafanmu kaɗan ne, yara uku ke duba ɗaya. Rumfunan nan in hunturu ya zo akwai sanyi da ƙura. Mutanen gari kuma suna yi mana dariya.»

Sannan ya juyo wajena, ya miƙo mini littafin CP na Faransanci, ya ce in karanta. Na buɗe shafin da na sani, na fara zubawa. Sai ya ɗora tafin hannunsa a kan hoton, ya juya wani shafi, ya nuna kalma ɗaya. Na yi tsit. Ya rubuta «baba» a kan takarda ya nuna mini. Nan ma na kasa. Asirina ya tonu a gaban mahaifina.

Baba ya dube ni, ya ce a hankali: «Shekara biyu ina saya maka kaye.» Da ma dukana ya yi da ya fi mini sauƙi. Hawaye suka zubo mini.

Darekta ya ce: «Malam, kada ka yi fushi da shi. Yaron da ya haddace littafi guda cikin harshen da ba ya ji, ai ba daƙiƙi ba ne. Ka bar mini shi a CP, ƙanwarsa a CI. Ka dawo bayan wata uku ka gwada shi da kanka.»

Ya ce a kawo takardar haihuwar kowannenmu, da takardar shaida daga tsohuwar lakwal tawa. Ƙanwata ba ta da takardar haihuwa, sai da Baba ya je gaban alƙali da shaidu biyu aka yi mata wadda ake kira jujuma. Darekta ya yarda ta fara zuwa kafin takardar ta fito.

Da Kawu ya ji labari, ransa ya ɓaci. Ya ce wa Baba: «Malam, ka kashe yaran nan da hannunka. Na nema musu wuri a gidan sama, ka kai su rumfa.» Baba ya ba shi haƙuri, amma bai canja magana ba. Kawu ya yi wata biyu bai taka gidanmu ba, Inna kuma tana tsakiya, ga miji ga ɗan'uwa.

Wasiƙa daga Kano

Farkon zamana bai yi daɗi ba. Na fi kowa tsawo a ajin, har yara suna kirana baban aji. A hanya ƴan sauran makarantu suna tsokanarmu, wai mu ƴan lakwal ta Hausa. Amma cikin aji wani abu yana buɗe mini. Na gane b da a su ne ba, ba da ba kuma su ne baba. Na koyi baƙaƙe masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ, ƴ. Na ga bambancin bari da ɓari, da na kafa da ƙafa. Na fara karanta duk abin da idona ya faɗa a kai.

Wata rana cikin sanyin Janairu, wani direba ya kawo wa Baba wasiƙa daga ƙanensa da ke cin rani a Kano. Da Hausar boko aka rubuta ta. Ranar kuwa Kawu ya sauko daga fushi, yana zaune a shago ana auna shi. Baba ya miƙo mini takardar, ya ce: «Wata uku sun cika.»

Hannuna yana rawa na fara, gaɓa bayan gaɓa. Gaisuwa ce, da labarin ya samu aikin gini, da saƙon kuɗi zuwa ga kakarmu. Na kai har ƙarshe. Baba bai yabe ni da baki ba. Tsohon kayensa na awo ya ɗauko ya ba ni, ya ce daga yau ni zan riƙa rubutawa. Kawu ne na fara rubuta wa: wuya, kafaɗa, hannu, tsawo. Ya karɓa ya duba, ya ce: «To, saura Faransanci.»

Saura Faransanci

Kawu bai yi ƙarya ba, Faransanci ya ba ni wuya. Da muka shiga CE2 na sha faɗuwa a dikte. Sai da na saba cewa abin da muke rubutawa u su ou suke rubutawa, sh namu kuma shi ne ch nasu. Ga baƙaƙen da ake rubutawa a ƙarshen kalma amma ba a faɗarsu. Sai dai yanzu in ban gane ba ina ɗaga hannu in tambaya.

Baba kuma bai zaɓi makaranta ya koma ya kwanta ba. Duk ƙarshen wata sai ya je ya gaida mushe, ya tambayi yadda muke. Ya shiga ƙungiyar iyayen yara. Kowace shekara bayan damina yana cikin masu ɗaura sabon zana. Shi ya ɗinka ƙyallayen da ake rufe randunan aji da su, bai karɓi ko dala ba.

A 1999 na samu sartifika na wuce kolej, ƙanwata ta biyo ni a 2000. Ƴaƴan Kawu ma sun samu a tasu babbar lakwal, don gidansu yana kusa da ita, ubansu kuma yana duba musu karatu da dare. Tasu ta dace da su, tamu ta dace da mu. Ranar da sakamako ya fito, Kawu da kansa ya kawo mini kaye biyar da bik.

Awon Baba

Bayan shekaru, aiki ya kai ni Maraɗi da iyalina. Da lokacin sa ɗiyata makaranta ya yi, abokan aiki suka yi ta ba ni sunayen makarantu. Na gode musu, na kama hannunta muka fita da ƙafa. Na auna nisan hanya da tafiyarta, ba da tawa ba. Na duba ruwan sha da makewayi. Na leƙa na ga ko malamai suna cikin aji, ko na bayan yana ganin allo. Na lissafa kuɗin shekara guda cur, ba na wata ɗaya ba. Da aka fito shan iska kuma na sayi ƙosai, na tambayi wani yaro abin da suka koya, da abin da ake nufi da shi.

Yara, wataƙila wata rana ku ma iyayenku za su tashi zuwa wani gari. In ana shawarar makaranta, ku faɗa musu gaskiyar abin da kuka iya da wanda ba ku iya ba. Kada ku ɓoye kamar yadda na yi, don tela ba ya ɗinka riga daidai in an ba shi awon ƙarya. In kuma baƙon yaro ya shigo ajinku a tsakiyar shekara, ku matsa masa a benci, ku nuna masa inda randa take. Yau da kun koma gida, ku faɗa wa wani babba abu ɗaya da kuka koya, ku kuma bayyana masa abin da ake nufi da shi.